Fiffiken Hagun Jirgin Baba

Talata, ƙarfe 7:10 na safe

Kwana uku ban buɗe littafin nan ba. Yau zan je rumfar jirgin saman Baba. Umma ta ce in bari a kwana biyu tukuna, na ce jirgin ba zai gyara kansa ba. Ta dube ni, ta ci gaba da ninke kayan Baba.

Baba yana barci. Shi goshinsa ne kawai ya fashe, ɗinki huɗu.

Talata, ƙarfe 4:30 na yamma

Tun ranar Asabar da aka yi hatsarin aka tura jirgin cikin rumfa aka lulluɓe da tamfol. Ni kaɗai na yaye. Zan rubuta abin da na gani daki-daki, yadda nake sa ɗalibaina su yi a makarantar koyon sana'a idan an kawo mana mataccen inji.

Farfela ta tashi aiki. Hannu ɗaya ya karye daga tushe, ɗayan ya tsage gida uku. Tunda ta daki ƙarfe inji yana juyawa, dole a sauke injin a duba cikinsa. Ƙafar gaba ta lanƙwashe kaɗan. Fiffiken hagu shi ya sha wuya, yadin da aka lulluɓe shi da shi ya yage kamar tsawon hannuna biyu, haƙarƙarin katako biyar na ciki sun murƙushe. Babban katakon da yake riƙe da fiffiken gaba ɗaya ban gan shi da kyau ba, sai na yanka yadin. Akwai koren fentin taraktar da ya daka a bakin fiffiken. Akwai wani abu kuma da ya bushe a kai. Na ɗebo ruwa na wanke.

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi yana gina jirgin nan, tun ranar da ya rufe shagon kafinta ya ce ya gaji da yi wa mutane kujeru. Ina aji uku a sakandare lokacin. Ni nake riƙe masa katako yana shafa gam, Kawu Mai Walda, abokinsa tun suna yara, shi ya haɗa duk wani ƙarfe da ke jikinsa. Unguwa ta yi ta dariya har ranar da ya tashi sama. Shekara uku ke nan yana tashi da shi duk Asabar, ko fenti bai taɓa gogewa ba.

Taraktar yankan ciyawa tana nan inda take a gefen rumfa. Ba abin da ya same ta sai fitila ɗaya.

Laraba, ƙarfe 6:00 na yamma

Muna cin abinci Baba ya ce, "Auta, na taka birki, ya tafi ƙasa. Ba komai a ciki."

Na ce to, Baba, zan duba.

Ya ce, "Ki fara da robar cikin famfon birkin. Na daɗe ina zargin ta."

Na ce to.

Umma ta ƙara masa ruwa. Ya sha, ya ajiye kofin, ya ce, "Auta, na taka birki, ya tafi ƙasa. Ba komai a ciki." Da murya iri ɗaya, har ɗaga hannun iri ɗaya. Kafin a kwashe kwanuka ya faɗa sau uku. Umma ta ce ai buguwar kai ce, likita ya ce za ta wuce.

Bai tambayi Kawu ba.

Alhamis, ƙarfe 1:15 na rana

Sufeto ya zo daga hukumar jiragen sama. Dogo ne, mai magana a hankali, ya san Baba tun ranar da ya ba jirgin takardar izinin tashi. Ya zagaya shi sau biyu, ya ɗauki hotuna, ya tsuguna ya daɗe yana kallon tayoyin. Ya fita fili ya bi hanyar da jirgin ya bi, daga bakin titin jirgi har zuwa tarakta, kansa a sunkuye. Na san abin da yake nema a ƙasa. Na riga shi nema ranar Talata.

Ya ba ni fom. Ya ce tunda sunana yana cikin takardar masu gyaran jirgin, ni zan kwance in duba in rubuta, shi kuma ya dawo ya tabbatar. Mako uku.

"Idan laifin birki ne, a gyara, a gwada, Malam ya koma sama," in ji shi. "Idan kuma ba shi ba ne, sai mu yi wata magana."

Ya tambaye ni wa ya fara isa wurin jirgin bayan ya tsaya. Na ce ni. Ya tambaya ko na taɓa wani abu. Na ce na kashe makulli na rufe mai.

Ya rubuta.

Juma'a, ƙarfe 5:40 na yamma

Na yanka yadin. Babban katakon bai tsage ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban san ko na murna ba ne.

Asabar, ƙarfe 3:00 na yamma

Mako ɗaya cif.

Na fara da birki kamar yadda Baba ya ce. Man birki yana nan cike har bakin layi, kalarsa garau. Na bi tiyo daga feda har taya da tocila da ɗan madubi, ban ga ko ɗigo ba. Na ɗaga jirgin a kan jak, na juya tayar dama da hannu, na roƙi mai gadin fili ya shiga ya taka. Taya ta tsaya cak. Ta hagu ma haka. Na ce ya taka ya riƙe minti biyar. Ya riƙe har ƙafarsa ta fara rawa, feda ba ta sauka ba.

Na kwance famfon duk da haka. Robar sabuwa ce fil. Baba ne ya canza ta da kansa bara, ga rubutunsa a littafin jirgi, da kwanan wata da sa hannu.

Na mayar, na sake gwadawa. Na sake kwancewa. Mai gadi ya ce, "Malama, wai wani abu kike nema ne, ko so kike ki same shi?" Ya yi dariya, ni ma na yi.

Gobe zan duba waya da ƙusoshin feda. Wataƙila wani abu ya maƙale ranar, ya saki daga baya. Yana faruwa.

Lahadi, ƙarfe 5:20 na yamma

Na je asibiti. Sai yau na iya.

Matar Kawu tana zaune a kan benci a bakin ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa sau ɗaya, ta mai da idonta kan bango. Matar da ta yi mini kitso har na gama firamare.

Kawu ya rame. An ɗaga masa kai da filo biyu. Bargon ya bi ƙafar dama har ƙasa. A ta hagu, daga gwiwa ya kwanta a kan katifa. Na yi ta kallon robar ƙarin ruwa.

"Injiniya ta zo," ya ce. "Yaya mara lafiyarmu?"

Na ce Baba da sauƙi.

"Ba shi nake tambaya ba, wannan ai kansa dutse ne. Jirgi nake nufi."

Na gaya masa komai, farfela, haƙarƙari biyar, ƙafar gaba. Ya tambaya ko waldar da ya yi wa mazaunin inji ta saki. Na ce ko gezau. Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, ya ce in faɗa da ƙarfi matarsa ta ji.

Sai ya ce in matso.

"Birkin fa?"

Na mai da idona kan robar ƙarin ruwa.

Ya ce, "Ina tsaye gabansa, Auta. Ina ɗaga masa hannu ya tsaya. Ina ganin fuskarsa ta gilashi. Kallona yake kamar wanda aka tare a hanya ana tambayarsa kwatance." Ya numfasa. "Ki rubuta birki ne. Roba ce, ko tiyo, ke kika san sunayensu. Ni ba zan kai ƙara ko'ina ba. Ƙafa ta riga ta tafi, kada a haɗa da mutumin."

Na ce Kawu, idan na rubuta haka za su mayar masa da makulli.

Ya rufe ido ya ce, "To ki ɓoye makullin mana. Ke ba 'yarsa ba ce?"

Litinin, ƙarfe 6:30 na safe

Waya lafiya. Ƙusoshin feda lafiya. Komai lafiya.

Talata, ƙarfe 4:50 na yamma

Na ɗauki hutun mako biyu a makaranta. Yau na sauke inji da taimakon makanikin rumfar da ke kusa da tamu. Mun ɗora agogon awo a bakin karanshaf, sandar da ke juya farfela, ina juyawa a hankali yana karanta allura. Ta ɗan motsa, amma ba ta wuce iyaka ba. Ya ce mun yi sa'a. Kowa sai ya ce mun yi sa'a. Duk da haka zan aika shi a duba tsagewar da ido ba ya gani.

Yaya ya kira daga inda yake aiki. Ya ce me nake yi a rumfa har yanzu, a sayar da tarkacen ko a cinna masa wuta. Ya ce tun farko shi bai yarda da wannan haukan ba, tsoho ɗan shekara saba'in yana wasa da ransa, ga shi ya ja wa bawan Allah. Na ce Yaya, rabonka da gida wata nawa? Ya ce kada in canza magana. Na ce kai ma kada ka kira aikin Baba tarkace. Ya kashe wayar.

Bayan minti goma ya turo saƙo: yaya jikin nasa, tsakani da Allah?

Ban ba shi amsa ba tukuna.

Alhamis, ƙarfe 11:00 na safe

Ban je rumfa ba. Na shiga kicin na tarar da Umma tana fito da takalman Baba daga cikin firij. Ta gan ni, ta tsaya da su a hannu.

Na ce tun yaushe?

Ta ce wai me? Na ce Umma.

Ta zauna a kan kujerar da ya yi mata, mai gajerun ƙafafu saboda gwiwarta. Ta ce wata takwas, ko tara. Ya fita aski wurin wanzamin da yake zuwa shekara ashirin, sai wani mai shago ya rako shi gida, ya gan shi yana zagaya layi ɗaya. Wata rana ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Yakan tsaya da cokali a hannu kamar ba a taɓa nuna masa ba. Amma sai ya yi mako biyu garau, yana gyara mata ƙofar kabad, yana tsokanar ta, sai ta ce a ranta tsufa ne kawai.

"Duk Asabar ina tsaye a tsakar gida ina kallon sama har in ji ƙarar ya dawo," ta ce. "Na ce idan na gaya miki za ki hana shi. Idan aka hana shi, me ya rage masa? Da ya dawo daga sama sai ya zama mijina na da, har dare."

Na so in yi mata faɗa. Na buɗe baki ma. Sai na karɓi takalman na kai ƙofar ɗaki.

Ba ni da bakin yi wa kowa faɗa.

Juma'a, ƙarfe 2:30 na rana

Na cire haƙarƙari biyar ɗin. Na samo zanen Baba na asali a cikin akwatin ƙarfe, kowane haƙarƙari da lambarsa da awonsa, da fensir, rubutu kamar na inji. Na yanka sababbi biyu. Hannuna ba ya kai nasa.

Zan rubuta wani abu a nan sau ɗaya.

Sufeto ya tambaya ko na taɓa wani abu. Na kashe makulli, na rufe mai, gaskiya ne. Amma kafin nan, da na leƙa ciki, totur, maɓallin ƙara wa inji wuta, yana ture har ƙarshe. Hannun Baba yana kai. Ƙafafunsa biyu suna ƙasa, nesa da feda. Na cire hannunsa, na jawo totur baya, sannan na yi ihu a kawo mota. Kawu yana kwance ƙarƙashin fiffike a lokacin. Na fara jawo totur, sannan na yi ihu.

Da safiyar ranar kuma, muna duba jirgi kafin ya shiga, ya ɗora yatsa a kan baƙin maɓallin totur ya ce, "Auta, wannan turawa ake ko ja?" Na yi dariya. Na ce Baba ka fara gwada ni ke nan. Shi ma ya yi dariya, ya ce yana so ya ga ko ina nan da karatuna. Na rufe masa ƙofa da hannuna.

Shi ke nan.

Asabar, ƙarfe 9:00 na safe

Baba ya sa rigarsa ta tuƙin jirgi, ya zauna a falo yana jira a tafi fili. Umma ta ce masa ana iska yau.

Litinin, ƙarfe 3:45 na yamma

Mun kai shi wurin wata likita. Ta sa shi ya zana agogo. Mutumin da ya zana jirgi guda da fensir. Ya yi da'ira mai kyau, ba ko karkata, sannan ya jera lambobin duka a gefe ɗaya. Ya dubi takardar ya ce fensirin ba shi da kyau.

Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba. Ta ce akwai magani mai rage gudu.

A mota ya ce, "Yarinyar nan tana da ladabi, amma teburinta yana rawa. Ƙafa ɗaya ta fi guntu." Na lura ni ma, gaskiyarsa ne.

Na ba Yaya amsa. Ya kira nan take. Ya ce zai zo ƙarshen wata.

Laraba, ƙarfe 6:15 na yamma

Yau Baba ya tashi garau. Ya ce zai bi ni rumfa, Umma ta ce a'a, ya ce, "Jirgina ne ko naki?" Na tafi da shi.

Ya daɗe a tsaye gaban fiffiken.  Ya ɗauki haƙarƙarin da na yanka, ya ɗaga shi saitin haske, ya rufe ido ɗaya.

"Wa ya yanka wannan?"

Na ce ni.

"Kin bi zane, amma ba ki bi katakon ba. Dubi jijiyarsa, ta gudu gefe. Wannan in ya sha nauyi nan zai buɗe." Ya sa babban yatsa ya danna, ya tsage daidai inda ya nuna. Ya zaɓo wani katako cikin tari, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ajiye, ya ɗauko wani. Ya ce in ba shi zarto. Awa uku muna aiki. Yana yanka, ina gogewa da samfefa, yana shafa gam, ina ɗaure ƙarfen matsi. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Har waƙarsa ta aiki ya yi, wadda ba ta da kalmomi.

Da muka zauna shan ruwa, ya kalli tayoyin da ke kan jak.

"Kin duba birkin?"

Na ce na duba.

"Sau nawa?"

Na ce sau huɗu.

"Lafiyarsa ƙalau, ko?"

Na ce e, Baba.

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Na san na shiga. Na san na kunna. Daga nan sai na ga abubuwa a gabana, ban san na mene ne ba. Kamar an shigar da ni kicin ɗin wani." Ya ajiye kofin. "Akwai wanda na taɓa?"

Na ce Kawu.

"Da rai?"

Na ce da rai. Na gaya masa sauran.

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da ƙanwarsa ta rasu. Bai yi sauti ba. Ya kife tafin hannunsa a kan fiffiken, kafaɗunsa suna motsi. Na tsaya a bayansa ban san inda zan sa hannuna ba.

Da ya ɗago ya ce ina fom ɗin hukuma. Na nuna masa. Ya ce, "Ki rubuta abin da kika gani. Wani zai karanta ya je ya kwance birkinsa mai kyau saboda ƙaryarki. Ban koya miki haka ba." Ya laluba aljihu ya fito da makullin, ya ajiye a kan benci kusa da gam. "Ki yi yau. Gobe ban san wanda zai tashi daga gadona ba."

Alhamis, ƙarfe 12:20 na rana

Na rubuta. Birki lafiya. Babu alamar taka birki a ƙasa. An sami totur a ture har ƙarshe, ni na jawo shi baya kafin kowa ya iso, ban faɗa ba a tambayar farko. Na haɗa da takardar likita. Tambayar da ya yi mini da safe ma na sa, duk da babu layinta a fom ɗin, na rubuta a baya.

Sufeto ya karanta a tsaye. Ya juya bayan takardar ya karanta. Ya ce tun ranar da ya bi sawun taya ya sani, yana jira ne ya ga abin da zan kawo. Ya ce za a kira ni a yi mini tambayoyi, wataƙila a dakatar da takardata ta gyara na wani lokaci. Na ce na sani.

Ya ce, "Jirgin fa? Za ki ƙarasa?"

Na ce zan ƙarasa. Ya ce wa zai tashi da shi? Na ce ban kai nan ba.

Juma'a, ƙarfe 7:00 na safe

Baba ya tambayi makullinsa. Ya ce wani ya shiga aljihunsa. Ya ce na taka birki, Auta, ya tafi ƙasa.

Lahadi, ƙarfe 4:00 na yamma

Na gaya wa Kawu abin da na rubuta. Ya juya fuskarsa bango. Na zauna rabin awa a gefensa. Da zan tafi ya ce, "Taurin kai irin na ubanki." Sai kuma ya ce in kawo masa Baba.

Matarsa ta biyo ni har bakin matakala. Na ɗauka faɗa za ta yi, na shirya. Ta ce, "Uwarki tana samun barci?" Na ce kaɗan. Ta ce in gaya mata za ta shigo.

Talata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na kai Baba asibiti. A mota na sake gaya masa inda za mu da dalili, a hankali, sau biyu. Ya ce to, to. Ya riƙe ledar lemun da Umma ta ba shi a kan cinya da hannu biyu.

An zaunar da Kawu a keken asibiti kusa da taga, ba bargo. Baba ya tsaya a ƙofa. Ya gane shi nan take, fuskarsa ta washe, ya kira shi da sunan tsokanar da ba wanda yake kiransa da shi sai shi. Sai idonsa ya sauka.

Ledar ta faɗi, lemu ya watse ƙarƙashin gado.

"Kai! Wa ya yi maka haka?"

Na buɗe baki. Kawu ya ɗaga mini yatsa ɗaya, bai ko kalle ni ba.

"Daga tsani na faɗo," ya ce. "Ina gyaran kwanon rufi."

"Tsani? Da girmanka? Kai wai yaushe za ka yi hankali? Sau nawa na ce maka ka bar hawa, ka kira yara?"

"Ka faɗa."

"Wane tsanin? Ba dai wancan ruɓaɓɓen da na ce ka kawo in canza masa matakai ba?"

"Shi fa."

"Ka gani! Ka gani!" Baba ya jawo kujera ya zauna dab da shi, ya kama hannunsa ya riƙe. Ya yi ta masa faɗa, Kawu yana cewa na ji, na tuba. Daga nan Baba ya sunkuya ya dubi inda ƙafar ta tsaya, da irin kallon da yake yi wa katako. Ya auna da tafin hannu daga gwiwar dama zuwa ƙasa, ya ce biyu da rabi. Ya ce kada Kawu ya yarda a ba shi sandar ƙarfe ta asibiti, tana cin hammata, shi zai yi masa ƙafar katako mara nauyi, akwai ragowar na jirgi a rumfa.

"Na jirgi guda za ka ba ni?" in ji Kawu.

"To wa zan ba? Kai ka haɗa masa ƙafafu."

Kawu ya yi dariya har ya fara tari. Matarsa tana durƙushe tana tsince lemu ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a ƙarƙashin gadon fiye da yawan lemun. Na fita baranda.

Laraba, ƙarfe 6:50 na safe

Gam ya kama, jiya na cire ƙarfen matsi. Yau zan fara shimfiɗa sabon yadi a fiffiken.

Na fito na tarar da Baba a tsakar gida tun kafin in gama shiri, da fensir a bayan kunne da tef ɗin awo a hannu. Ya ce akwai aikin da zai yi wa wani, ya manta ko wane ne, amma ya san biyu da rabi ne.

Na ce na san mai aikin, Baba. Shiga mota.